Yadda Na Koyi Daidaita Haƙora: Labarin Wata Likita Daga Kano

Ni haifaffiyar birnin Kano ce, a cikin ganuwa aka yanke mini cibiya, kuma a nan na yi firamare da sakandare kafin Allah Ya ba ni gurbin karatun likitancin haƙori. Karatun na shekara 6 ne, daga nan sai shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, wadda sai an kammala ta ne Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya take ba mutum cikakkiyar rajista, sannan a fita hidimar ƙasa. A lissafin danginmu, da na dawo daga hidimar ƙasa na kama aiki, karatu ya ƙare ke nan. Saboda haka ranar da na sanar a gida cewa ina so in koma horo na wasu shekaru domin in ƙware a fannin daidaita haƙora da muƙamuƙi, mahaifiyata ta dube ni ta ce, "Yanzu duk wannan karatun da kika sha, ashe har yau ba ki gama sanin haƙorin ba?" Na ce, "Umma, na san cire shi, na san cike shi, amma matsar da shi daga inda yake zuwa inda ya kamata ya zauna, wannan wani ilimi ne daban." Ta yi mini addu'a, ta kuma ce in nemi yardar maigidana tukuna, wanda da ma da saninsa na zo.

Abin da ya kai ni ga wannan shawara ya faru ne a wani asibiti a nan Kano inda na fara aiki. Mafi yawan masu zuwa wurinmu ciwo ne yake koro su, sai haƙori ya ruɓe ya hana su barci, kunci ya kumbura, sannan su zo, aikinmu kuwa daga safe zuwa azahar bai wuce cirewa da ciko da wankin haƙora ba. Wata rana wani dattijo ya kawo 'yarsa, yarinya da ba ta daɗe da shiga sakandare ba. Ba ciwo take ji ba. Tun da ta shigo bakin hijabinta yana kan bakinta, da na roƙe ta ta sauke shi sai na ga haƙoranta na sama sun yi gaba sosai har leɓenta ba ya iya rufe su, haɓarta kuma ta koma baya. Mahaifin ya ce ta daina ɗaga hannu a aji, a Islamiyya ma ba ta yarda ta yi karatu da ƙarfi saboda tsokanar yara. Na duba ta, na gane matsalar, har na san sunanta a littafi, amma abin da kawai zan iya yi shi ne in rubuta musu takardar turawa. Dattijon ya karɓi takardar ya ce, "Likita, ai cewa aka yi ke ce likitar haƙori." Na ce, "Alhaji, ni ce, sai dai wannan aiki yana da masu shi, kuma ba su da yawa." Ban sake ganinsu ba, amma maganarsa ta zauna mini a rai.

Gaskiyar magana ita ce, abin da ake koya wa ɗalibi a karatun digiri game da wannan fanni gabatarwa ce kawai. Ana koya masa rabe-raben da Edward Angle, wani likitan haƙori ɗan Amurka, ya fitar a 1899, inda ya kasa rashin daidaiton haƙora gida 3 bisa yadda turmin farko na sama yake haɗuwa da na ƙasa. Ana koya masa yin 'yan na'urorin roba da waya waɗanda yaro zai iya sakawa ya cire, da kuma gane wanda ya kamata a tura gaba. Manna ƙarafa a kan haƙora, a zura waya, a bi mutum shekara 2 ana juya kowane haƙori har saiwarsa, ba a sakar wa ɗalibi wannan, kuma daidai ne da ba a sakar masa ba.

A Nijeriya ƙofofi biyu ne likitan haƙori yake bi ya zama ƙwararre. Akwai Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Legas, wadda aka kafa a 1979, akwai kuma Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma, kowacce tana da sashen likitancin haƙori, kuma da yawa daga cikinmu mukan rubuta jarrabawar duka biyun. Matakin farko shi ne jarrabawar share fage, wadda take mayar da mutum kan ilimin sassan jiki da yadda suke aiki da yadda cuta take kama su. Na yi shirinta ne ina aiki kuma ina goyo, karatun nawa duk na bayan sallar isha'i ne, idan an ɗauke wuta in ci gaba da fitilar caji. Bayan an ci ta sai a nemi gurbi a asibitin koyarwa da kwalejin ta amince da shi, a fara ƙaramin horo, inda ake zagayawa da mutum sassan tiyatar baki da fuska, da gyaran haƙora, da cututtukan dasashi, da haƙoran yara. Sai jarrabawar Kashi na Ɗaya, sai babban horo a fannin da mutum ya zaɓa, sai kundin bincike da jarrabawar Kashi na Biyu. Idan komai ya tafi daidai abin yakan ɗauki shekara 5 zuwa 6, amma yajin aiki da maimaita jarrabawa sukan ƙara wa mutane da yawa lokaci.

Da yake makarantar likitancin haƙori ta farko a ƙasar nan a Jami'ar Legas aka buɗe ta a 1966, manyan malaman wannan fanni sun fi yawa a kudu, a Legas da Ibadan da Ile-Ife da Benin. Wannan ya sa wani ɓangare na horona a can na yi shi, na bar yarana a hannun Umma da maigidana. Ba zan tsawaita a kan wannan ba, duk macen da ta taɓa barin ɗanta ƙarami ta tafi neman ilimi ta san nauyin abin, kuma ba don tsayuwar waɗannan mutane biyu ba da ban kai ko'ina ba.

Na shiga babban horo ina zaton za a miƙo mini marasa lafiya, sai aka miƙo mini filaya da dunƙulen waya. Watannin farko a ɗakin gwaji na yi su ina lanƙwasa waya, ana ba ni zane a takarda, wani mai kusurwa, wani mai zobe, wani mai siffar bakan haƙora, a ce in fitar da shi daidai. Malamin da ya horar da mu yana da wani fefen gilashi a kan teburinsa. Idan ka kawo wayarka sai ya ɗora ta a kai, ya danna gefe ɗaya da ɗan yatsa, in ɗaya gefen ya ɗaga ko da kaurin gashi ne, sai ya miƙo maka ita ba tare da ya ce komai ba, ka san sakewa za ka yi. Babban yatsana da manuniyata sun yi kanta a wannan lokaci. Daga baya na fahimci dalilinsa, domin duk karkatar da ke jikin waya, haƙori ne zai ɗauke ta, kuma sai bayan makonni za a ga ɓarnar a bakin mutum. Ko da yake tun shekarun 1970 aka samu wayoyin da ake haɗawa da nikel da titaniyom, masu komawa siffarsu ta asali bayan an lanƙwasa su, aka kuma samu ƙarafan mannawa da aka riga aka tsara wa kowane haƙori nasa, har yau ƙarshen aiki yakan koma ga hannun likita da filayarsa.

Abu na biyu shi ne karanta hoton ƙashin kai da ake ɗauka daga gefe, dabarar da Broadbent a Amurka da Hofrath a Jamus suka fito da ita a shekara guda, 1931. Mukan rufe labule, mu ɗora hoton a kan akwatin haske, mu shimfiɗa siririyar takarda mai nuna abin da ke ƙarƙashinta, mu bi da fensir mai tsini muna fitar da gindin ƙoƙon kai, da muƙamuƙin sama da na ƙasa, da karkatar haƙoran gaba, sannan mu auna kusurwoyi. Yanzu kwamfuta tana yin wannan cikin mintoci, amma an tilasta mana yinsa da hannu, kuma ina goyon bayan haka, domin wanda bai taɓa neman waɗannan ɗigo-ɗigon da idonsa ba, ba zai gane ba idan na'ura ta ajiye ɗaya a inda ba wurinsa ba. Daga wannan awo ne ake sanin ko laifin na haƙora ne ko na ƙashi. Yarinyar da na ambata a baya, alal misali, alamunta sun fi nuna muƙamuƙin ƙasa ne bai girma yadda ya kamata ba, kuma irin wannan, idan an same shi lokacin da yaro yake tsakiyar girma, ana iya amfani da na'urar da take turo muƙamuƙin gaba, amma in girma ya tsaya, sai dai a ɓoye matsalar da matsar da haƙora, ko a haɗa da tiyata.

A nan ne kuma na koyi wani abu da nake ganin ya fi komai muhimmanci ga mai aiki a ƙasarmu. Alƙaluman da ke cikin manyan littattafan fannin, irin su kusurwa mai digiri 82 ga muƙamuƙin sama da mai digiri 80 ga na ƙasa, daga fuskokin Turawa aka samo su. Mu kuwa haƙoranmu na gaba, sama da ƙasa, sun fi nasu karkata zuwa waje, leɓunanmu sun fi cika, kuma wannan halitta ce, ba cuta ba. Malamanmu na Nijeriya sun yi bincike sun fitar da ma'aunin da ya dace da mutanenmu. Likitan da ya ɗauki ma'aunin Bature ya ɗora wa yaron Fagge ko na Gwammaja zai iya cire masa lafiyayyun haƙora 4, ya ja sauran baya, ya bar shi da fuskar da ba tasa ba, kuma haƙorin da aka cire ba ya dawowa.

Ita kanta tafiyar haƙori a cikin ƙashi, har yau idan ina bayaninta ga ɗalibai sai na ji girman ikon Allah. Haƙori ba a kafe yake a ƙashi ba, akwai wasu siraran zaruruwa da suke riƙe saiwarsa, a wani ɗan tsakani da bai kai rabin milimita ba. Idan aka danna haƙori a hankali kuma aka dawwama, a gefen da ya matsu wasu ƙwayoyin halitta sukan cinye ƙashi su buɗe hanya, a gefen da aka ja kuma wasu su gina sabo, kamar maginin da yake rushe katangar ƙasa ta gaba yana ɗora tubali ta baya. Ƙarfin da ake bukata don karkata haƙorin gaba bai wuce nauyin giram 35 zuwa 60 ba, tafiyar kuma kimanin milimita 1 ce a wata. Idan aka yi gaggawa aka ƙara ƙarfi, jini yakan yanke a wurin, tafiyar ta tsaya, saiwa ta iya zaizayewa ta gajarce. Shi ya sa ake ganin mai waya bayan kowane mako 4 zuwa 8, kuma shi ya sa aikin yakan kai shekara ɗaya da rabi zuwa 2, wani lokaci fiye. Wannan ne ma ainihin dalilin tsawon horon, domin ba a yarda mutum ya iya ba sai ya karɓi marasa lafiya tun daga awon farko, ya bi su har ranar cire waya, ya kawo hotuna da samfurin haƙoransu na kafin aiki da na bayansa gaban masu jarrabawa, ya kare kowace shawara da ya yanke. Idan wanda kake bi ya ƙaura ko ya daina zuwa a tsakiyar aiki, kai ka yi asarar shekara, shi kuma yana yawo da wayar da ba mai kula da ita, wanda ya fi zama abin damuwa.

Kundin bincikena a Kano na yi shi, a kan tsotsar yatsa da yadda take hana haƙoran gaba haɗuwa. Na zagaya makarantun firamare da izinin hukuma da na iyaye, ina duba bakin yara masu famfara da madubi da safar hannu a ƙarƙashin inuwar darbejiya. A nan na ga yadda matsaloli da yawa suke farawa da abin da ba a ɗauka da muhimmanci ba. Haƙoran yarinta 20 ne, kuma kowanne yana riƙe wa na dindindin wurinsa. Idan turmin yarinta ya ruɓe aka cire shi da wuri, aka ce ai da ma faɗuwa zai yi, sai na bayansa ya matso ya cinye gurbin, wanda zai fito daga baya ya rasa wuri ya ɓullo ta gefe. Fiƙar sama kuma, wadda takan fito wajen shekara 11 zuwa 12, ita ce ta fi yawan maƙalewa a cikin ƙashi, in ban da haƙoran hankali, wato turamen can ƙarshe.

Ranar da aka kafe sakamakon Kashi na Biyu na ga lambata, sujada na fara yi kafin in kira gida.

Aiki a Kano ya koya mini abin da ba ya cikin manhaja. Dole in zauna da kowane yaro da mahaifiyarsa in lissafa musu abin da zai haƙura da shi: gatsar rake, da kilishi, da aya, da gasasshiyar masara, da tauna ƙashi ranar Babbar Sallah, domin duk suna ɓalle ƙarfen da aka manna. Mai amfani da asuwaki nakan nuna masa yadda zai bi a hankali, ya kuma haɗa da buroshi, saboda abincin da ya maƙale a gefen ƙarfe yakan bar farin tabo a haƙori wanda ba ya fita da sauƙi. Akwai kuma amare. Sau da yawa uwa takan zo da 'yarta ta ce, "Likita, saura wata 3 biki, a taimaka a gyara mata." Nakan ce, "Hajiya, da zan iya da na yi, amma ƙashi ba ya karɓar gaggawa. Ko dai mu fara yanzu ta shiga ɗakinta da wayar, ko mu bari sai bayan biki." Wasu sukan ji haushi, amma na fi son su fita da haushina a kan su fita da haƙora masu girgiɗi.

Sai batun wushirya. A littattafan da muka karanta, tazarar da ke tsakanin haƙoran gaba na sama tana cikin abubuwan da ake rufewa, a wurinmu kuwa ado ce da ake yabo, har mawaƙa suna ambatonta. Na taɓa daidaita wa wata budurwa haƙoran ƙasa da suka hau kan juna, kakarta ta biyo ta musamman don ta gargaɗe ni, ta ce, "'Yar nan, ki gyara abin da za ki gyara, amma wushiryar nan ta gidanmu ce, kada ki taɓa ta." Na bar ta, kuma ina ganin kakar ta fi littafin gaskiya a wannan wuri. Matuƙar tazarar ba alamar wata matsala ba ce, kamar ƙarin haƙori da ya ɓuya a cikin ƙashi ko ciwon dasashi da yake raba haƙora, ba aikina ba ne in sauya wa mutane abin da suke gani kyakkyawa.

Waɗanda suka fi taɓa zuciyata su ne yaran da aka haifa da tsagewar leɓe da ganɗa. Mutane suna zaton da an yi ɗinkin farko shi ke nan, alhali tafiyar takan kai har girma. Wajen shekara 9 zuwa 11, kafin fiƙa ta fito, yawanci sai an faɗaɗa muƙamuƙin sama, likitan tiyata ya dasa ƙashi a wurin tsagar, sannan mu jera haƙoran. Iyayen irin waɗannan yara da yawa daga ƙauyuka suke zuwa, kuɗin mota ma nauyi ne a kansu, amma sun fi kowa kiyaye ranar da aka ba su.

Abin da yake ɓata mini rai a 'yan shekarun nan shi ne wayar ado. 'Yan mata suna ganin waya a bakin wasu a Instagram da TikTok, sai su je wurin wanda ba likita ba, a shago ko a gida, ya manna musu ƙarafa da gam, ya zura waya da robobi masu launi, ba hoto, ba awo, ba tsari. Waya kuwa ba ta san cewa don ado aka saka ta ba, tana jan haƙori duk inda ta ga dama. Na karɓi wata da ta zo dasashinta ya kumbura yana jini, haƙoranta biyu na gaba suna motsi, alhali kafin a saka mata lafiyarsu ƙalau. Ban ɗora laifin duka a kan yaran ba. Ƙwararru sun yi kaɗan ƙwarai idan aka dubi yawan jama'ar Kano da jihohin da suke zuwa neman magani a cikinta, kayan aikin kuma kusan duk daga waje ake shigo da su da dala, don haka aikin gaskiya yana da tsada, kuma duk inda aka bar giɓi irin wannan wani zai cike shi. Nakan kuma gaya wa kowa tun ranar farko cewa cire waya ba shi ne ƙarshe ba, sai an ci gaba da saka abin riƙe haƙora, musamman da daddare, in ba haka ba sukan nemi komawa inda suka fito.

Yanzu, ban da ganin marasa lafiya, ina ba da lokaci ga abu biyu. Ina zuwa tarukan iyaye da malamai in roƙi a kawo yaro a duba shi tun yana shekara 7, ko da ba abin da yake damunsa, domin a lokacin turamen farko da haƙoran gaba na dindindin sun fito, kuma abin da za a gyara da ƙaramar na'ura a wannan shekara yakan bukaci cire haƙora idan aka bari ya kai 17. Sannan ina zama da ƙannenmu masu sanin makamar aiki, musamman mata, ina ba su shawarar su rubuta jarrabawar share fage da wuri tun karatun bai huce ba, su tabbatar asibitin da za su nema yana da amincewar kwaleji a wannan fanni, su kuma zauna da iyaye da mazajensu a yi maganar shekarun da abin zai ci da wanda zai riƙe yara tun kafin a fara. Na buɗe musu ɗakina ranar da nake manna waya domin su tsaya su gani, na kuma ba su tsofaffin filayoyina su fara koyon lanƙwasa. Wasu daga cikinsu sun riga sun ci jarrabawar share fage, suna jiran a tallata gurbin horo.